Mai Ƙwanƙwasa Ƙofa da Sunan Rifkatu

Ni ba na riƙe shekara da lamba, da abin da ya faru a cikinta nake riƙewa. Wannan da zan ba ku ya faru ne bayan kullen korona, kafin canjin kuɗin da ya sa muka yi ta bin layi a banki, a daminar shekarar da taransifomar layinmu na Makera ta ƙone muka kusa shekara ba wuta. Lokacin ina shara da goge-goge a wani kamfanin abincin kaji a Kakuri. Mama Laraba ake ce mini a can, har waɗanda suka girme ni.

Ku yaran yanzu, in an ce shara sai ku taɓe baki, wai kowa ya iya riƙe tsintsiya. Sharar tsakar gida daban, sharar ofis daban. A masaƙa na koya, tun ana busa jiniyar canjin ma'aikata mu ji ta har cikin ɗaki. Wata 'yar Filato ce ta koya mini, Mama Saratu, gajera mai muryar maza. Wata uku ina bin bayanta da bokiti kafin ta yarda na taɓa teburin mutum. Tsumma uku take riƙewa, na ƙasa da na tebur da na gilashi, kuma ba sa haɗuwa a ruwa ɗaya. Daga sama ake farawa a sauko. Takardar da ta faɗi ƙasa ba shara ba ce sai mai ita ya ce shara ce. Wata rana na share wata 'yar takarda a dunƙule daga ƙarƙashin kujerar akawu, ashe sunan maganin mahaifiyarsa ne likita ya rubuta masa. Mama Saratu ba ta yi mini faɗa ba. Ta kai ni bola ta tsaya ta riƙe ƙugu, na yi ta tono har azahar sai da na samo ta.

Shekarar da masaƙa ta rufe ita ce mummunar shekararmu. Kakuri ta yi tsit. Masu kekunan da ke cika titi da sassafe suka ɓace, masu abinci a bakin ƙofa suka kwashe tukwanensu. Shekara huɗu ina wankau, ina soya ƙosai a bakin titi, kafin kamfanin abincin kajin ya ɗauke ni. A can na tarar da kwamfutoci, kuma ba wanda ya koya mini goge su, ni na koya wa kaina. Na sayi sabon buroshin fenti mai laushi, da shi nake fitar da ƙura daga tsakanin haruffan kibod ba tare da na danna ko ɗaya ba. Garin masara da dusa yini suke suna tashi a kamfanin nan, in ka bar tebur kwana biyu sai ya yi fari fat. Ruwa ba ya zuwa kusa da na'ura. In na shiga ofis sai na sa bayan hannu a jikin kowace, in na ji ɗumi na san mai ita ya tafi gida bai kashe ba, in faɗa masa tun kafin manaja ya sani.

To ga aikin da nake son ku ji. Akwai wata mata, Rifkatu, 'yar Nasarawa ce mai zama a Sabon Tasha. Ita ce akawun sikeli. Duk motar masara da ta shigo daga Kakau ko daga nesa, ita ke auna ta cike, ta sake auna ta bayan an sauke, ta shigar a kwamfuta. Shekararta goma sha huɗu ba a taɓa jin ta da rigimar buhu ɗaya ba. Sai a daminar nan, kullum ta zo ƙarfe takwas ta buga sunanta da kalmar sirrinta, kwamfuta ta ƙi buɗe mata. Motoci su yi layi har titi, direbobi suna ta hon, sai an kira Injiniya ya buɗe.

Injiniyan nan Emeka sunansa, haifaffen Kakuri, Hausa a bakinsa kamar ni. Bai daɗe da zuwa ba. Shi ya yi mini bayani wata safiya ina goge tagar ɗakinsa. Ya ce a ɗakin nan mai sanyi na sama akwai uwar kwamfutocin kamfani, duk sauran daga gare ta suke ɗiban aiki. Tana da rajista kamar littafin maigadi a bakin ƙofa. Wanda ya zo da sunansa da kalmar sirrinsa daidai, ta rubuta lokacin ta buɗe masa. Wanda ya kawo kalmar da ba ita ba, shi ma ta rubuta. Da Injiniya ya zo ya kafa doka biyu: kowa ya canza kalmarsa, kuma in aka yi kuskure sau biyar a jere, uwar ta kulle sunan. Abin da rajista ke nuna masa shi ne, kullum da safe, tun kafin Rifkatu ta bar gida, wani yana ƙwanƙwasa ƙofa da sunanta da kalmar da ba daidai ba. Ya ƙwanƙwasa, ya huta, ya sake, har wajen takwas saura kwata, sai ya yi shiru.

Ni ya fara zargi, kuma ban ji haushi sosai ba, domin ni ke fara shiga ofisoshi. Ya ce ko ina danna kibod in ina gogewa. Na ce ya zo ya tsaya a kaina. Washegari ya zo ya tsaya, na share kibod ɗin Rifkatu daga wannan gefe zuwa wancan, kwamfutar a kunne, ko harafi ɗaya bai fito a gilashin ba.

"Mama, hannun nan naki ya fi na wasu likitoci," in ji shi.

"Ai ba a jami'a ake samun sa ba, Injiniya. In kana so ka zo da bokitinka ranar Litinin."

Daga nan ya bi sauran hanyoyi. Ya canza mata kalma sau uku. Ya karɓi wayarta ya bincika. Rajistar tana faɗin sunan na'urar da ke ƙwanƙwasawa, amma sunan wasu lambobi ne da injiniyan da ya gada ya sa, kuma a takardar kayan kamfani an rubuta cewa an sayar da wannan na'ura cikin tarkacen ƙarfe shekara uku da suka wuce. Sai ya fara tunanin wani ne daga waje yake ɓoye kansa da sunan matacciyar na'ura. Ya riƙa zuwa ƙarfe bakwai yana bin ofis ofis, ya tarar da kowace kwamfuta a kashe. Ya hau silin ya bi wayoyi, ya tarar da su a cukurkuɗe ba alama a jikin ko ɗaya, kafin ya bi uku takwas saura kwata ta yi, mai ƙwanƙwasawa ya ɓace. Ya tambaye ni, ya tambayi maigadi, ko akwai kwamfutar da ake kunnawa da safe. Muka ce babu. Kuma Allah ya sani ba ƙarya muka yi niyya ba.

Ana haka magana ta fara yawo a kantin abinci. Wai Rifkatu tana da ƙane mai shagon kwamfuta, wai da shi suke neman shiga su rage nauyin motoci su kwashe masara. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa da ita ta ba shi kalma ai da ta ba shi daidai. Sati na shida, ranar Litinin, manajanmu Alhaji Mudi ya kira ta da Injiniya. Ina goge ƙofa, na ji komai. Ya ce shi bai san kwamfuta ba, abin da ya sani sunan mutum ɗaya ne ke fitowa kullum, in Juma'a ta yi ba a gano ba Rifkatu ta ajiye makulli ta tafi. Ta fito ta wuce ni ba ta ma gan ni ba. Wanda aka sallama daga sikeli da sunan sata, a Kakuri duka ba mai sake ba shi ko awon gyaɗa.

Yanzu sai na koma baya kaɗan, in ba haka ba ba za ku gane ba. Shekara biyu kafin nan wata caja mai arha ta kama da wuta a kan buhuna a sito. Alhaji Mudi ya sa aka toshe duk soket na ƙasa, ya ce duk ƙaramin ma'aikacin da aka kama yana cajin waya a kamfani ya kori kansa. Sai ga layinmu ba wuta, masu dako da yawa su ma haka. Ni kuwa ɗakin da nake ajiye tsintsiya da bokiti shi ne tsohon ɗakin sikeli, tun kafin a gina sabo a ɗaya ƙofar. A ƙarƙashin wani tebur a ciki akwai baƙin akwati, ba gilashi, ba kibod, wayar wutarsa ta shige bango kai tsaye. Maigadinmu, Saja Danjuma, tsohon soja, shi ya gano cewa in an danna maɓallin gabansa yakan yi gurnani, kuma 'yan ramukan jikinsa suna cajin waya. Ramuka shida ne, biyu gaba huɗu baya. Makulli a hannuna yake. In na zo bayan asuba sai in buɗe, in danna, in jona tawa da ta Saja da na masu dako huɗu bi da bi, in rufa tsohon buhu a kai. Takwas saura kwata in kashe, kowa ya zo ya karɓi tasa kafin motar manaja ta shigo. Akwatin caji muke ce masa. A wurinmu kwamfuta ita ce mai fuska da haruffa. Kuma mun yi wata da watanni muna haka lafiya lau kafin rigimar Rifkatu ta taso, don haka ko a mafarki ban haɗa su ba.

Ranar Laraba da safe na tarar da Injiniya zaune a kan matattakala, ƙaramar kwamfutarsa a cinya, idonsa ja. Na ce ya ɗaga ƙafa in goge. Ya ɗaga, yana magana shi kaɗai, wai ɓarawon nan ya fi ma'aikata zuwa a kan lokaci. Na ce to ba ya hutu ne? Ya ce yana yi, ba ya zuwa Lahadi. Na ce ya karanta mini ranakun duka, tun daga farko, a hankali, domin ni da kunne nake karatu. Ya yi dariya amma ya karanta. Kullum shida da 'yan mintoci. Sai wata Talata da aka fara bakwai da kwata. Sai wasu kwana uku a jere, Litinin da Talata da Laraba, ba ƙwanƙwasa ko ɗaya, Rifkatu ta shiga lafiya har shi ya ɗauka abin ya ƙare.

Na bar mofa a cikin bokiti. Talatar nan na san ta, ita ce ranar da aka kwana ana ruwa, kwalbatin layinmu ya cika, na tsaya sai da ya janye. Kwana ukun nan kuwa ina Kakau, rasuwar yayana, sai da aka yi sadakar uku na dawo, makullin ɗakin tsintsiya yana ɗaure a bakin zanina. Na tambayi Injiniya, kamar ba komai, ko kwamfuta tana iya aiki ba ta da fuska. Ya ce sosai ma, uwar da ke sama ita ma ba ta da fuska. Na ɗauki bokitina na wuce.

Ban faɗa masa nan take ba, domin wuyan mutum shida ne a ciki, ba nawa kaɗai ba. Da rana na sami Saja a rumfarsa na gaya masa. Ya ce ai da sauƙi, mu daina kunnawa kawai, ƙwanƙwasa ta tsaya, kowa ya huta. Na ce na yi wannan tunanin kafin shi. In ta tsaya kwana biyu bayan an yi wa Rifkatu barazana, me za a ce a kantin abinci? Za a ce ta ji tsoro ta hana ƙanenta. Ko an bar ta a aiki, da sunan ɓarauniya za ta zauna.

"Mama Laraba, 'ya'yana biyar," ya ce.

"Na sani, Saja. Makulli a hannuna yake, ni zan ce. Sunanka ba zai fito daga bakina ba."

Alhamis ƙarfe shida na tsaya a bakin ƙofa har Injiniya ya iso a kan babur. Na ce ya biyo ni da ƙaramar kwamfutarsa. Na buɗe ɗakin, na janye bokitai, na ɗage buhun. Ya tsuguna ya leƙa bayan akwatin, ya ga wata shuɗiyar waya ta fita ta bi bango ta shige silin. Ya goge wata 'yar takarda da ke manne a gefe da babban yatsa, ya karanta lambar, sai kawai ya zauna a ƙasa a kan rigarsa mai guga. Na ce kada ya yarda da maganata tukuna, ya buɗe rajistarsa. Ya buɗe, ba komai tun jiya. Na danna maɓalli. Akwati ya yi gurnani, muka jira kamar tafasar ruwan shayi, sai ga sabon layi ya fito da sunan Rifkatu. Na kashe, muka jira, shiru. Ya miƙe zai tafi, na ce a'a, sau ɗaya ba shaida ba ce, a sake. Muka sake, layi ya sake fitowa.

Ashe tsohuwar kwamfutar sikeli ce, wadda Rifkatu ta yi shekaru tana aiki da ita. Masu tarkace sun kwashe fuskar da kibod, sun bar akwatin saboda wayarsa na cikin bango, aka rubuta an sayar. A cikinta an ajiye sunan Rifkatu da tsohuwar kalmarta, don ta riƙa kai wa uwar awon motoci da kanta. Duk watannin da muke caji kwamfutar tana zuwa wurin uwar ana buɗe mata ba wanda ya lura. Ranar da Injiniya ya sa aka canza kalma, ita ba wanda ya gaya mata, ta ci gaba da zuwa da tsohon makulli.

"Mama," ya ce, "wata ɗaya da rabi ina neman ɓarawo daga ƙasar waje, ashe yana kwana da tsintsiyarki."

Ya ce zai iya gaya wa Alhaji cewa shi ya gano tsohuwar na'ura tana kunna kanta. Na ce na'ura ba ta kunna kanta shida da minti biyar ta tafi ta'aziyya Kakau, Alhaji ba yaro ba ne, in ya ji ƙarya a gefe ɗaya zai ƙi yarda da duka. Ƙarfe tara muka shiga ofishin Alhaji tare. Na gaishe shi, na ce ranka ya daɗe ni ce mai ƙwanƙwasawar. Na ba shi labari tun daga taransifoma. Ya tambayi wayoyin su wa nake jonawa. Na ce tawa, da na waɗanda ba su da wuta a gida, kuma in ya fita ya duba fuskokin masu dako zai ga ba wanda ke da ita. Ya yi faɗa, ya yi faɗa, har ya cire hula ya ajiye a tebur. Ya ce doka doka ce. Injiniya ya ce ranka ya daɗe, akwai ƙofa a buɗe cikin kamfanin nan shekara uku da ba wanda ya san da ita, da wani mugu ne ya fara ganin ta da yanzu wani zancen ake, kuma shi da takardunsa bai gano ba. Daga ƙarshe Alhaji ya ce in tafi gida sati biyu. Ya sa aka kira Rifkatu, a gabanmu ya ce ta koma bakin aikinta, kuma da bakinsa ya faɗa a kantin abinci da rana cewa ba ta da laifi. Wannan na yaba masa.

Kada ku ɗauka rungume ni ta yi. Da na dawo, kusan wata guda in na gaishe ta sai ta amsa da ka. Tana da gaskiya, sati shida ana nuna ta da baki saboda cajin wayata. Ban bi ta da ban haƙuri kullum ba, sau ɗaya na ba ta, na ci gaba da goge teburinta yadda na saba. Wata safiya na tarar da ita ta riga ni zuwa, ta ce, "Mama, kin karya kuwa?" Ta turo mini rabin burodinta. Shi ke nan.

Saja kuwa, sati bai cika ba ya je da ƙafarsa ya gaya wa Alhaji cewa shi ya fara gano ramukan. Ba a kore shi ba. Kafin damina ta fita Injiniya ya sa aka kafa akwatin ƙarfe a rumfar maigadi, nesa da buhuna, da soket goma sha biyu, kowa ya yi caji a fili. Sannan ya ɗauki littafi ya ce in zagaya da shi. Kwana huɗu muna bin kamfanin lungu lungu, ina nuna masa duk inda na taɓa ganin waya ta fito daga bango, duk na'urar da nake ɗagawa in share ƙarƙashinta. Mun samo uku da ba sa cikin takardarsa. Ya manna wa kowace waya alama. Daga ranar, in rajista ta nuna masa abin da bai gane ba, kafin ya hau silin sai ya leƙo ya ce, Mama, wa ya canza wurin zama a satin nan, me aka jona sabo? Sau da yawa amsar tana wurina. Shi ya sa nake ce muku, wanda zai gyara abin da ba a gani sai ya san ɗakunan da abin yake zaune, kuma ba wanda ya san ɗaki kamar mai share shi.

Gwiwa ce ta sa na ajiye aiki, bayan an cire tallafin mai. Mama Saratu ta daɗe da rasuwa a garinsu. Alhaji Mudi ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, na je gaisuwa. Saja Danjuma yana nan, ya koma Rido wurin babban ɗansa, ido ya yi rauni amma baki na nan. Injiniya Emeka ya tafi Abuja, in ya zo ganin mahaifiyarsa yakan biyo ta Makera ya tsaya a ƙofar gida yana kiran likitan kibod. Rifkatu tana nan a kamfanin, akawu uku ne a ƙarƙashinta yanzu. Duk motar masarar da kuka ga ta shiga ƙofar nan yau, da sunanta za a auna ta.